Namata da Ƙahon Bijimi

Hoton da ya fi ba ni wahala a duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ba na mutum ba ne, na bijimi ne. Ku da kuke ɗaga waya ku danna, ku ce kun ɗauki hoto, ku zauna ku ji, don na gaji da jin ana cewa aikinmu ya mutu tun da kowa ya zama mai hoto. Ɗauka ba ta taɓa zama wahalar ba. Ko jaki ne ya taka maɓallin, wani abu zai fito. Wahalar ita ce a kalli abin da ya fito a ce har yanzu mutumin ne, ko ya tashi daga mutumin, kuma a samu wanda zai yanke wannan hukunci ba tare da an yi faɗa ba.

Na shiga aikin zamanin soja, nan Filinge, a hannun Baba Lasisi, wani Bayarabe mai shago a bayan tasha. Kayanmu ba su da yawa: akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyallensa, labule mai zanen bene da jirgin sama, kwanonin ruwan magani, jar fitila, da almakashi mai haƙora na yanke gefe. Ɗakin wanki ba taga, in ka shiga da rana sai ka fito kamar an tsamo ka daga rijiya. Ruwan maganin ma ba ya son zafi, sai mun jiƙa buhu mun naɗe kwalaben mun jingina su da randa. Shekarata ta farko ban taɓa akwatin ba. Ɗebo ruwa nake yi, da daidaita kawunan mutane, don mutumin ƙasarmu ta Kurfai in ya zauna gaban akwati sai ya ɗaga haɓa ya ɗaure fuska kamar za a ba shi bindiga.

Kusa da ƙofarmu, gindin dogon yaro, Arzika wanzami yake shimfiɗa tabarmarsa. Da wuya ka sami kan namiji a garin nan da ƙauyukansa da bai bi ta hannunsa ba, tun daga askin suna har askin sallah. Baba Lasisi kuwa baƙo ne, bai san kowa ba, kuma mai hoton da bai san mutane ba yana iya wanke hoto tas ya miƙa maka fuskar da ko uwarka za ta wuce ta a hanya. Sai ya ɗauki wata al'ada. Duk hoton da ya bushe, kafin mai shi ya zo, ni zan kai wa Arzika, ba tare da na faɗa masa ko wane ne ba.

Arzika zai goge hannu a cinya, ya karɓa, ya miƙa shi nesa da ido, ya karkace kai. In hoton ya yi, sai ya kira suna kai tsaye: “Wanga Nomau na, mai jakai.” Shi ke nan, a sa a takarda a ajiye wa mai shi. In ya ɗan gaza, sunan ba zai zo ba, sai gida: “Jinin gidan Gado na, amma ban san wane cikinsu ba.” Wannan Baba Lasisi kan bari ya wuce in mai shi yana sauri. Ƙasa da haka sai ka ji, “Ɗan Kurhwai na dai,” to a koma ɗakin zafi a sake. Ƙasa da wannan, “Mutum na.” In kuwa abin ya lalace gaba ɗaya, sai ya miƙo mini ya ce, “Allah shi kyauta.” Suna, gida, ƙasa, mutum, Allah shi kyauta. Da wannan muka yi shekaru muna auna aikinmu, kuma har yau in aka nuna mini hoto a waya, haka nake auna shi a zuci.

Kada ku ɗauka yabonsa nake yi. Ma'aunin nan yana da ciki, yana kuma da zuciya. Kafin ya sha shayin safe, ko hoton ubansa ka kai masa sai ya ce mutum ne. In yana da rigima da wani, hoton mutumin ba ya taɓa wuce gida. Akwai wani mahauci da ya koma aski wurin wani wanzamin, muka yi ta wanke hotonsa muna sakewa, kullum Allah shi kyauta, har Baba Lasisi ya zubar da ruwan magani mai kyau yana zarginsa. Mata kuma Arzika bai san kawunansu ba, sai a miƙa wa matarsa ta katanga, ita kuwa kowace mace ka nuna mata sai ta ce hoton ya fi ta kyau, wanda ba amsa ba ce.

A lokacin ba a tafiya ba katin shaida, daga nan zuwa Yamai shinge ne bisa shinge. Sai aka kawo mana wani ajidan, dogo, mai son lissafi, an ce malamin lakwal, wato makarantar boko, ya so zama aka sa shi soja. Ya ji cewa wanzami ne ke tantance hotunan da ake manna wa takardar gwamnati, abin ya ɓata masa rai, ya tako har shago.

“Bon,” ya ce. “Gwamnati ba ta aiki da ‘ina ga’. In wanzamin nan ya mutu gobe, sai a daina yin kati?”

Baba Lasisi ya ce, “Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau.”

“Ba lafiyarsa na tambaya ba.”

Ya fito da zare da ɗan katakon awo irin na ’yan lakwal. Zai auna mutum da zaren, daga kunne zuwa kunne, daga ido zuwa ido, daga hanci zuwa haɓa, sannan ya auna hoton da katako, ya yi lissafi. In lissafi ya fita, ya buga hatimi. In bai fita ba, ko hoton magana yake yi, a sake.

In faɗi gaskiya, awon nan ba ya jiran shayi, kuma ba ya fushi da mahauci. Ranar farko mahaucin ya sami katinsa. Amma shi ma yana da nasa halin. Ya taɓa amincewa da wani hoto da ya ƙone baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai kunnuwa biyu da farin ido, don kunnuwan suna inda ya kamata. Sai kuma wani manomi daga wajen Abala da muka ɗauka lafiya lau, kafin ya kai hoton ofis ciwon haƙori ya kumbura masa kunci. Zare ya ƙi yarda. Aka dawo mana da shi, muka ɗauke shi da kumburin, aka buga hatimi. Bayan kwanaki kumburi ya saɓe, kati kuwa bai saɓe ba. Har ajidan ya bar garin nan, mutumin in zai wuce shinge sai ya cusa goro guda a kunci, ya gaida sojoji da rabin baki.

Bijimin da na fara ambata na Alhaji Dari ne, ja, irin na Azawak, tozonsa kamar tulu. Zai kai shi Baleyara ya sayar, ya ce kafin su rabu yana son hotonsa a bango. Ni aka aika, don a lokacin na fara riƙe ƙaramar kamara. Bijimi ba ya jin “tsaya haka”. In na tsuguna ya juya mini baya, in na zagaya ya zagaya. Mai kiwonsa wani saurayi ne, Namata, ɗan Inna Gambi mai fura, shi ya riƙe igiya yana yi masa magana a kunne har ya natsu. Alhaji ya ce ya matsa kada ya ɓata hoto, amma in ya matsa bijimi ya bi shi. Dole aka bar shi a gefe, fuskarsa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, tsinin ƙahon ya zo daidai kunnensa. Da na wanke na kai wa Arzika, ya ce, “Bijimin Alhaji Dari na. Ga Namata nan shina dariya.” Suna biyu a hoto ɗaya. Ranar ban ci abinci a zaune ba don daɗi.

Ba a daɗe ba ruwa ya ƙi. Ba zan ba ku labarin yunwar ba, kakanninku sun fi ni iya ba da shi. Abin da ya shafi sana'a kawai zan faɗa: mutane suka daina kama da hotunansu. Hoto yana nan da kumatunsa, mai shi ne ya zube. Mutum zai miƙa kati a shinge ko wurin rabon hatsi, a kalle shi a kalli kati a ce ba shi ba ne. A shekarar nan, zaren ajidan ya yi abin da idon kowa bai yi ba. Da kansa ya daina awon kunne zuwa kunne, ya bar na ido da na haɓa, ya ce ƙashi ba ya ramewa. Mutane da yawa sun ci tuwo saboda zaren nan, kuma ban sake yi masa dariya ba.

Arzika ne abin ya karya. Wata rana da hantsi wani mutum ya tsaya gaban tabarmarsa da ƙunshi a kafaɗa, ya yi sallama. Arzika ya ɗaga kai, ya karkace shi yadda yake yi wa hoto.

“Ɗan Kurhwai na kai dai,” ya ce. “Wane gida?”

Mutumin ya yi murmushi. “Baba Arzika, ni na, Namata. Na zaka ka yi min aski, kudu za ni.”

Arzika ya yi masa askin, ya daɗe yana yi fiye da yadda kan ke bukata. Namata ya hau babbar mota ya tafi. Daga ranar har ruwa ya dawo, Arzika bai sake karɓar hoto daga hannuna ba. A shekarar ne kuma Baba Lasisi ya koma ƙasarsu. Ya bar mini akwati da labule, amma ya kwashe duk fina-finan da muke wanke hotuna daga jikinsu, ya ce fuskokin mutane amana ne, ba zai bar wa gara ba.

Shekaru suka wuce, ba wasiƙa ba saƙo. Wata ranar kasuwa Inna Gambi ta ajiye ƙwaryar furarta a ƙofar shago ta ce, “Issufu, an ce kana da ɗana cikin hoton bijimi.” Fim ya tafi da Baba Lasisi, sai wanda ke bangon Alhaji Dari. Alhaji ya yarda ya ba da aro daga safe zuwa la'asar, da sharaɗin kada a fitar da shi daga gilashi. Na jingina shi a inuwa, na ɗauki gefen nan ta cikin gilashin, na ja fuskar daga girman ƙwayar gyaɗa zuwa girman tafin hannu. Ku sani, ƙara wa hoto girma ba ya ƙara masa komai. Ɗan abin da ke ciki kake bazawa, kamar a ƙara wa fura ruwa don ta isa baƙi. Tsinin ƙahon kuma ya biyo shi, don ba zan iya yanke shi ba sai na yanke kunne, ni kuwa tun zamanin ajidan hannuna ba ya iya yanke kunne. Na kai wa Arzika. Ya duba, ya kau da kai.

“Jinin gidan su Gambi na,” ya ce.

Ita ba ta damu ba, ta san ɗanta. Ta ce in yi mata da yawa. Duk direban da zai yi kudu, duk ɗan ci-rani da zai yi arewa, sai ta ba shi ɗaya da ƙullin fura, ta ce in ya ga mai wannan fuska ya ce masa an yi ruwa. Alhaji Dari ya rasu, wata damina bangon ya faɗi da hoton bijimi da gilashinsa, nawa ya zama shi ne asali. Da soja suka sauka aka shiga siyasa, injin fotokopi ya iso gari, ta koma can don ya fi sauri. Injin nan baƙi ya sani da fari, bai san tsakani ba, fuskar mutum kuwa duk a tsakanin take zaune. Na ƙarshen da na wanke mata ta ba wani direban Lome da ya rantse zai dawo da shi, bai dawo ba, fim ɗin nawa kuma gara ta riga ta cinye. Sai ana yin kwafi daga kwafi. Ta kawo mini ɗaya, na kai wa Arzika, lokacin idonsa ya fara hazo.

“Ɗan Kurhwai na,” ya ce. “Amma ƙahon ga na bijimin Alhaji Dari na.”

Haka ƙahon ya riƙe sunansa, mai igiya yana ta sauka.

’Yata Ramatu ta yi karatu a Yamai ta dawo da ordinata, wato kwamfuta, shagon ya koma hannunta, ni kuma na koma inda na fara, ina daidaita kawunan mutane. Ita ta ce wa Inna Gambi a daina wahalar da direbobi, a aika hoton ta waya, ’yan Kurfai da ke waje duk suna da zauren da suke hira a ciki. Sai dai rezo, wato layin waya, a nan siriri ne, hoto ba ya wucewa sai an matse shi. Ta nuna mini yadda ake yi. Na'urar tana zubar da duk abin da take ganin ido ba zai yi kewarsa ba, hoton ya yi sauƙi ya tafi. Na tambaye ta wa ke gaya mata in ta zubar da abin da ya yi yawa. Ta ce akwai awo. Na'urar tana yayyanka na farko da na matsen zuwa ƙananan gidaje, ta gwada haske da duhunsu gida da gida, ta ba da lamba. In ta ce ɗari, ba abin da ya ɓace.

Na ce, “Ashe ajidan ne ya dawo cikin akwati.”

“Shi na, Baba,” ta ce. “Sai dai wanga ya fi shi yawan zare.”

Ramatu ba ta yi ha'inci ba. Ta yi ta gwadawa har ta sami matsin da zai wuce rezonmu ya kuma ba da casa'in da shida, sannan ta aika. Amma wanda ya samu a Kwatano ya aika wa na Abijan, wayarsa ta sake matsewa. Na Abijan ya nuna wa wani, shi kuma ya ɗauki fuskar wayar da tasa wayar. Kowane hoto ya kusa zama daidai da wanda ya haife shi, babu wanda ya yi ƙarya a hanya. Bayan watanni wani saƙo ya shigo wayar Ramatu daga Agadas, da murya ana cewa, ’yan uwa na Filinge, ko kun san wannan bawan Allah, ana nemansa. Na duba. Fuska ta koma ’yan murabba'ai kamar saƙar tabarma, ido biyu sun zama rami ɗaya mai tsawo, a gefen kai ga wani abu mai tsini ya manne kamar a nan ya tsiro. Na ce Allah shi kyauta, a aika gaba ko a dace. Ramatu ta ce, “Baba, namu na ya dawo.”

Daga nan Namata ya fara bayyana. Shekaru ana yawo da hoton da ake gane shi ba a ga kowa ba, da ya lalace sai ga shi ko'ina. An gan shi a Sabha yana gini. An gan shi a Kumasi yana sayar da agogo. Wani an ce ya rasu bara, an ma yi masa sadaka. Wasu suka aiko hoton yaro ɗan shekara ashirin, sun manta cewa wanda ake nema ya isa yin furfura. Wani dattijo a Malanbil ya rantse bai ga mutumin ba amma ya san bijimin. Kowace ranar kasuwa Inna Gambi za ta zo ta zauna a benci, Ramatu ta kunna mata muryoyin, ta saurara har ƙarshe, ta ce a yi musu godiya. Ba ta taɓa dariya ba, ko a kan na Malanbil.

Mutanen Kwatano su ba su yi shawara da kowa ba. Suka sa mutum a mota, suka damƙa wa direba, sai ganinsu muka yi da safe a ƙofar shago. Dattijo ne siriri mai furfura, da tsohuwar hula. Direban ya ce shekara da shekaru yana dako a kasuwar can, kansa ba daidai yake ba, Hausa yake ji, in an tambaye shi garinsu sai ya ce arewa. An kira shi Namata ya waiwayo. Na kira shi Nomau in gani, ya waiwayo.

Aka kira Inna Gambi. Ta zo ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa, tana kallonsa. Ramatu ta ɗauki hotonsa, ta rage shi daidai da wancan da ya dawo daga Agadas, ta ba na'ura ta gwada. Casa'in da ɗaya. Direba ya ce alhamdulillahi, ya fara karkaɗe riga zai tafi.

“Ku dakata,” in ji Ramatu.

Ta ɗauki direban ta gwada, tamanin da tara. Ta ɗauke ni, casa'in cif, saura kaɗan in zama ɗan Inna Gambi da gemuna. Ta juya ta ɗauki ƙwaryar furar da ludayi a tsaye a gefe, ita ma ta haura saba'in.

“Awon bai yi ƙarya ba,” ta ce a hankali. “Abin da ya rage cikin hoton, kowa na da shi.”

Na juya wurin tsohuwar. “Inna, ke za ki hwaɗi. Ɗanki na?”

Ta sake duban baƙon.

“Issufu, ban sani ba.”



“Shekara da shekaru nike kallon takardag ga, sahe da marece,” ta ce. “Yanzu in na ruhe ido in gane shi, ita nike gani. Har ƙahon. Na san ɗana ba shi da ƙaho, amma ba ni iya cire shi daga kai nai.”

Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Ban taɓa jin sana'ata ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Na fita na nufi gidan Arzika, wanda a lokacin ya makance sarai, ya daina aski. Na gaya masa abin da ake ciki, ya ce bai sha shayi ba. Na tsaya aka dafa, ya sha na fari ya sha na biyu, sannan ya miƙo mini bakin sandarsa na jawo shi.

Aka zaunar da baƙon a tabarma. Arzika ya goge hannu a cinya, ya cire masa hula, ya ɗora yatsunsa a goshi. Ya bi ta gefe, ya zagaya bayan kunne, ya gangara ƙeya, ya dawo tsakiyar kai. Ya sake bi daga farko.

“Wanga kai ba askata ta buɗe shi ba,” ya ce. “Mutum na.”

Direba ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Inna Gambi ba ta ko kalle shi ba.

“Arzika, kai ka tuna nashi?”

“Ido ya tahi, hannu bai tahi ba. Kawo hannunki.”

Ta matso. Ya kama yatsunta ya ɗora a kan baƙon.

“Nan, bayan kunnen dama, Namata na da ɗan tudu, awa ƙwallon magarya. Kin jiya? Wanga babu. Nan bisa, gashi nai wuri biyu yaka juyawa, kullum sai na bi shi da aska ta nan in komo ta nan. Wanga wuri guda na. Nan kuma ga goshi akwai tabon da jaki ya yi mai.”

“Ba jaki ba,” ta ce da sauri. “Murhu na. Ya hwaɗi shina rarrahe, ni ina daka.” Ta tsaya. “Kunne nai na hagu ya ɗan tashi. In za shi dariya, hanci ka hwara motsi.”

“Hanci ka hwara,” in ji Arzika.

Ta yi dariya, hawaye suna zuba, hannunta bai bar kan ba. Baƙon kuwa ya rufe ido ya yi lamo, kamar wanda ya daɗe hannu bai taɓa shi ba.

Direba ya tambaya ko ya koma da shi, jibi zai juya.

“A maishe shi ina?” ta ce. “Ko hura bai sha ba.” Ta juyo gare mu. “Issufu, ka ɗauke shi da kyau, kunne biyu. Ramatu, kada ki matse shi ko kaɗan. Wani wuri akwai mai nema nai.”

Na daidaita masa kai da hannuna, na janye labulen bene da jirgi, na sa fari. Ban taɓa ɗaukar hoto mai tsabta irin wannan ba, kowace furfura ana iya nuna ta. Hoton ya yi wa rezon gari nauyi, sai ni da Ramatu muka hau dutsen bayan gari, muka ɗaure waya a kan gora muka ɗaga sama, muna karɓar juna in hannu ya gaji, makiyaya suna wucewa suna yi mana sannu da aiki. Daga azahar har rana ta yi sanyi sannan ya tafi, ba a zubar da ko gashi ɗaya ba. Bayan wata biyu ya dawo mana daga Agadas a matse, ana tambaya ko wannan ne Namatan da muke nema.

To ku da kuke cewa aikin hoto danna maɓalli ne, ga abin da na sani. Na yi aiki da wanzami, na yi da zare, na yi da na'ura, kowanne ya ba da amsar abin da aka tambaye shi, kuma dukansu sai akwai asali a ajiye sannan suke da abin gwadawa. Arzika ya rasu a daminar da ta biyo baya. Inna Gambi ta yi kukansa fiye da wasu ’yan gidansa, mutane suna mamaki, ni ban yi ba.

Baƙon yana nan, ba wanda ya zo nemansa tukuna. Gari na kiransa Casa'in da Ɗaya, yana amsawa. Shi ke ɗauko mata ƙwarya ranar kasuwa, su zauna a bencin ƙofar shago, ta dama masa fura. Ta daina zuwa da takardar nan. In yana sha, sai ta cire masa hula kamar za ta karkaɗe ƙura, ta ɗora hannu bayan kunnensa na dama, yatsanta ya tsaya daidai wurin da tudun ba ya nan.